Faɗin tebur ba shi ne cikar rumbu ba

Duk ɗan kasuwa ya san bambancin tebur da rumbu. A kan tebur ake baza haja a yi ciniki, magariba na yi a kwashe. A rumbu kuwa ake ajiyar abin da zai kai baɗi. Ita ma kwamfuta haka take. Abin da ake kira ƙwaƙwalwarta tebur ne, da an ɗauke wuta babu abin da yake saura a kansa. Rumbunta shi ne faifan da ake ajiye rubutu a ciki. Wani dattijo a Damagaram, tsohon ma'aikacin baitulmali, ya ga amfanin wannan bambanci a lokacin da zumuncin gidansu ya dogara a kansa.

A shekarar 1988 gwamnati ta aika shi Faransa ƙaro ilimi. Da zai komo, abokan tafiyarsa suka sayo kwat da agogo, shi kuwa ya sayo Amiga 500, na'urar da kamfanin Commodore na Amurka ya fitar a 1987. Ƙwaƙwalwarta kilo-okte 512 ce. Wayar salula ta yau mai jiga 4 ta ninka ta fiye da sau dubu takwas. Ya haɗo da wani ɗan allo mai suna A501, wanda ake cusawa ta wata ƴar ƙofa a ƙarƙashin na'urar, ya ƙara mata wasu 512. A jikin allon akwai agogo da ɗan batir mai riƙe masa lokaci.

Da wannan na'ura ya zauna gaban mahaifinsa, dare bayan dare, tsohon yana faɗi shi yana bugawa: iyakokin gonaki, wadda aka saya da wadda aka ba da aro ko jingina, da sunayen waɗanda aka yi a gabansu. Duka ya ajiye a faifan disket, mai ɗaukar kilo-okte 880.

Sai ga 1994. A watan Janairu aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake sayowa daga waje ya yi tsada. A watan Afirilu kuma Commodore ya karye. Ma'aikatu suka koma wasu na'urori, Amiga ta shiga akwatin ƙarfe tare da faifanta. Mahaifin ya rasu, shekaru suka shuɗe.

A 2023 magana ta tashi tsakanin dangi kan wata gona: waɗansu sun ce gado ce, waɗansu sun ce aro. Har gaisuwa ta soma yin nauyi. Dattijon ya buɗe akwati. Na'urar ta kama, ga hoton nan na hannu riƙe da faifai yana neman a saka masa. Amma da aka zo buɗe kundin, sai ta ƙi, ta ce ƙwaƙwalwa ba ta isa ba. Da ya zaro allon ƙarin, ya tarar batirin ya tsiyaye, ruwansa ya ci hanyoyin tagulla, sun yi tsanwa shar. Wannan cuta sananniya ce ga masu irin wannan na'ura. Batirin da aka sa domin kiyaye lokaci, idan ya daɗe a ajiye, shi ke kashe allon, wani sa'in har ya taɓa uwar na'urar. Allah ya taimaka, nan ɓarnar ba ta wuce allon ba.

Ɗan ƙanensa mai karatu a Faransa ya ce masa ta waya: «Baba, wannan ai ta zama kayan tarihi, bari in sayo muku sabuwa.» Ya amsa: «Sabuwar ba ta zauna da kakanka ba.» Gaskiya ce kuwa har ta fuskar fasaha, domin kwamfutar zamani, ko an haɗa mata mazubin disket na yau da kullum, ba ta karanta faifan Amiga, tsarin rubutunsu daban ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da yaron ya gano shi ne, masu sha'awar tsofaffin na'urori a Turai suna ƙera sababbin allunan ƙari, masu batir mai faɗi kamar kwabo wanda ake canzawa. Ya aiko ɗaya.

Aikin bai kai minti goma ba. Aka cire waya daga bango, aka kifa na'urar, aka goge haƙoran mahaɗin, aka tura allon a hankali har ya zauna. Da aka kunna, adadin ƙwaƙwalwar da ke bayyana a saman fuskar ya haura. Kundin ya buɗe.

Rubutun kwamfuta shi kaɗai ba zai raba gardama ba, dattijon ya san haka. Amma a ciki akwai sunayen shaidu huɗu, biyu kuma suna raye. Aka je aka same su, suka faɗi abin da suka sani, maganar ta mutu a zaure. Tun a daren aka kwafe kundin da alƙalami a littafi, aka kuma ɗauki hotonsa shafi shafi, don disket mai shekara talatin da ɗoriya ba abin dogaro ba ne a ƙasar zafi da ƙura.

Sabon allon faɗaɗa tebur kawai ya yi, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Abin da ya raba gardama shi ne abin da aka zuba a rumbu tun tsoho yana da rai. Mai littafin bashi a waya da mai takardun ma'aikata a kwamfuta, kowa ya tambayi kansa: a wurare nawa ya ajiye, kuma wa zai iya buɗewa bayansa?