Geji, Adafta, da Famfon da Ake Kashewa Ba Laifinsa

Idan injin babbar mota mai shan dizal ya rasa ƙarfi a kan hawa, abin da ake fara zargi a gareji shi ne famfon injekta. Shi ne mafi tsada a duk hanyar da mai ke bi, kuma sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Abin da ke raba zargi da gaskiya geji ne na auna matsin mai, da tiyo, da wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsa ba, wanda ake kira adafta.

Hanyar mai a injin dizal kashi biyu ce. A kashin farko, ƙaramin famfo ne ke jawo mai daga tanki, ya bi da shi ta filta, ya miƙa wa babban famfo da matsi kaɗan. A kashi na biyu, babban famfon ne ke matse man ya tura wa injektoci. A injunan zamani masu bututu guda da ke ciyar da dukkan injektoci, tsarin da kamfanin Denso na Japan ya fara sa wa motar Hino a 1995, matsin kan kai bar 2,000. Tayar tirela, don kwatance, bar 8 ko 9 take ɗauka.

Aikin gejin hannu yana kashin farko ne, kuma masu motocin Dodge Ram a Amurka sun koyi darajarsa da aljihunsu. Injin Cummins da aka sa wa motocin daga 1998 zuwa 2002 yana amfani da famfon Bosch VP44, wanda man dizal ɗin da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, yake kuma hana shi gogewa. Idan ƙaramin famfon ya raunana, motar ba ta tsayawa nan take. Tana ci gaba da tafiya, babban famfon na cin kansa a hankali har ya mutu. Wanda ya canza shi bai auna matsin da ke shigarsa ba, sabon ma haka zai ƙare. Shi ya sa da yawansu suka kafa geji na dindindin a gaban direba.

To, ta ina gejin zai shiga? Nan adafta ke shigowa. Wani injin yana da bawul irin na taya, a ɗaura kawai. Wani kuwa sai an cire kusar nan mai rami da ke riƙe bututun mai, a maye ta da wadda aka huda wa kai. Matsalar ita ce zaren jikin kusa ba iri ɗaya ba ne a duniya, kuma garejin Kano ko Kaduna na karɓar Mack ta Amurka, DAF ta Holan, MAN ta Jamus da Howo ta Sin a rana guda. Ƙaramin zaren bututu na Amurka yana da layi 27 a inci ɗaya, na Ingila 28. Ido ba ya ganin bambancin. Adaftan zai shiga zagaye biyu ko uku lami lafiya, sannan ya cije. Idan aka tilasta shi da sifana, gidan filtan ya lalace, an tashi neman ciwo ɗaya an ƙara na biyu.

Awon ma da ƙa'idarsa. Geji na iya nuna lafiya lau injin na tsaye, allurar ta faɗi da zarar motar ta ɗauki kaya. Don haka ƙwararru ke sa dogon tiyo, su kawo gejin inda za a gan shi ana tafiya. Guntun tiyo mai garai-garai kuma yana tona asirin iska, domin kumfa za a gani tana wucewa.

Kashi na biyu ba wurin gejin hannu ba ne. Na'urar kwamfuta ake jonawa ta karanto matsin daga sensa. Tsohuwar dabarar sassauta bututun injekta a ga ko mai zai feso ta yi wa tsofaffin injuna aiki, amma a sabbin ganganci ce. Man kan huda fata ya shige cikin nama, ya bar tabo kamar na allura. Yaron gareji zai goge hannu ya ci gaba da aiki, alhali raunin na bukatar tiyata cikin sa'o'i, in ba haka ba yatsan na iya tafiya.