Taura biyu ba ta taunuwa

Bara da kwamitin Islamiyyarmu ta nan Sabo ya ɗora mini kula da ginin ajujuwa biyu da gyaran wurin alwala, na miƙe bayan sallar Juma'a na ce wa jama'a in Allah ya so kafin ruwan Afrilu ya sauka yara sun shiga aji. Kuɗin na jama'a ne, har da na tsofaffin da ke kasa goro a bakin titi. Ni kuwa lissafina na kasuwa ne: in akwai kuɗi, akwai aiki.

Sati uku da farawa komai ya cakuɗe. Birkila ɗaya gare mu, kafinta ɗaya. Wata rana leburori su yini a zaune ana biyansu, wata rana kuma a rasa mai kwaɓa siminti. Na fara zargin mutane da ha'inci, Allah ya yafe mini.

Ɗan ƙanena da ya karanta aikin injiniya ya zo da kwamfutarsa, ya buɗe wata manhaja, Microsoft Project. Ya ce, "Baba, lissafo mini kowane aiki, kwana nawa zai ci, wa zai yi shi, kuma wanne ne ba ya yiwuwa sai an gama wani." Muka zuba su: bulo, linta, katakon rufi, kwano, filasta. Sai ga alamar ja a gefen ayyukan birkila. Ashe ni da bakina na ba shi katangar aji da wurin alwala a rana guda, har sau shida. To, taura biyu tana taunuwa?

Yaron ya danna wurin daidaita ma'aikata. Manhajar ta jinkirta ayyukan da ke iya jira, irin su wurin alwala da filasta, aka bar birkila kan bulo da linta, don in sun makara rufi ma ya makara. Amma fa sai abin da ka gaya mata. Lissafinta Litinin zuwa Juma'a ne, awa 8 kullum. Sai da muka saka mata cewa muna aiki Asabar, Juma'a rabin yini ce, da azumi kuma ƙarfin mutum ba ɗaya ba ne.

Da ta gama, ranar kammalawa ta matsa da sati biyu. Wallahi ban ji daɗi ba. Juma'ar da ta biyo na sake miƙewa na ce, "Jama'a, na yi alkawarin da ban auna ba." Na nuna musu takardar. Ba wanda ya yi faɗa. Wani dattijo ma ya ɗauki nauyin birkila na biyu na kwana biyar.

Mun buga kwano kafin ruwa ya zauna, filasta kuma aka yi ta ana ruwa a waje. Birkilan nan na je har gida na ba shi haƙuri. Yanzu ko motar kaya zan aika Arewa, sai na fara duba ko na riga na yi wa direban alkawarin wata tafiyar.