Ɗan Manomin Da Ya Gina Jami'a

Mai karatu, mu marubuta idan za mu sako lauya a littafi, baƙar riga muke ɗora masa, mu ba shi mota da gidan sama, ya ceto jaruma a kotu, shi ke nan mun sallame shi. Ba mu cika tambayar inda dukiyarsa ta nufa ba. Shi ya sa labarin Afe Babalola ya tsaya mini a rai, ni da karatuna ya ƙare a sakandare.

Ɗan manomi ne daga Ado-Ekiti, kuma daga firamare bai sake zama ajin sakandare ba. Ta gidan waya ya ci gaba, ana aiko masa darussa daga Ingila yana amsawa yana mayarwa, har ya samu digirin Jami'ar Landan a fannin tattalin arziki, ya ƙara da na shari'a. A 1963 ya zama lauya a Ingila, ya dawo ya buɗe ofishinsa a Ibadan. A 1987 ya kai matsayin babban lauyan Nijeriya, wato SAN.

A 2001 ya zama shugaban majalisar gudanarwa ta Jami'ar Legas. A 2009 ya kafa jami'a mai ɗauke da sunansa a mahaifarsa. A 2023 kuma ya ba kwalejin King's, ɗaya daga kwalejojin Jami'ar Landan, fam miliyan 10 domin buɗe wa matasan Afirka hanyar karatu. Yaba kyauta tukwici, bai manta da inda aka share masa hawaye ba.

To amma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kuɗin karatu a jami'ar tasa miliyoyin naira ne, ɗan manomi irinsa ba zai shiga ba sai an tallafa masa. Shi kuwa ba katafaren gini ya cece shi ba, 'yar ƙofa ce mai sauƙin kuɗi da aka bari a buɗe.

Ba ina rage masa daraja ba ne, ya yi abin da attajirai da yawa suka kasa. Roƙona ga duk mai hali da zai bi sahunsa shi ne, idan ya gama ginin, ya bar wa yaron da ke gona irin wannan ƙofa. Allah ya sa a ji.