Yakuwar Da Ta Ƙi Fure

Wata dattijuwa mazauniyar Agege ta Ikko ta shuka yakuwa cikin tsohon bokiti. Gurguzun kuwa ragowar na gonar mahaifiyarta ne, in bai yi fure ba iri ya ƙare ke nan. Ganye ya yi shar, fure babu. Ta ƙara taki, sai ganye ya daɗa yawa.

Ashe ƙwan lantarkin da ke kwana kunne a baranda ne ya hana. Ita yakuwa ba ta fure sai dare ya yi tsawo, shi ya sa manoma ke jiran kaka. Jikanta ya mai da bokitin bayan ɗaki, inda akwai rana, dare kuma baƙi ƙirin. Bayan 'yan makonni sai ga fure fari-fari mai jan ciki. Wuni guda ya yi ya yanƙwane, ya bar mata zoborodo.