Kifin da ke Bayan Kuɗin Sefa

Alhamis, Shinkafi

Kasuwa ta ci, amma ba kamar da ba, tsoron hanya ya rage baƙi. Wani Bamaraɗe mai dabino ya haɗa mini canji da dala ashirin ta sefa. A bayanta akwai tambarin babban bankin ƙasashen sefa na yammacin Afirka: kifin zarto, mai dogon baki da haƙora jere gefe da gefe, siffar da aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan. Kifin teku ne. A da ana kama shi tun daga Sanagal har gaɓar Nijeriya, yau kuwa masunta da yawa a can sun tsufa ba su ƙara sa shi a ido ba. Bakin nan nasa ke sarƙewa a taru, ga shi yana jimawa kafin ya balaga, kuma 'ya'ya kaɗan yake haifa. Iri 5 ne a duniya, duk suna bakin ƙarewa.

Juma'a, Kaura

Bayan an sauko daga masallaci na zauna da labarinsa. A Amurka an sa wani irinsa cikin jerin masu neman kariya a 2003, lokacin da ya kusa taƙaita ga ruwan Fulorida, an kuma ƙiyasta ya ragu da kashi 95 cikin 100. Masana suka riƙa yankar ɗan ɓallin fiffikensa su sake shi, suna duba ƙwayoyin gadonsa. Sakamakon da ya fito a 2011 ya faranta mini rai: duk da raguwar, jininsa bai ƙuntata ba, barbarar 'yan'uwa ba ta yi yawa ba. Kifi ne mai tsawon rai, tsofaffin da suka tsira suna ɗauke da gadon dangi daban-daban. Amma a 2015 an gano wasu 'ya'yan da uwa ta haifa ba tare da namiji ba, abin da ake dangantawa da ƙarancin abokan barbara. Wato akwai sauran lokaci, sai dai ba mai yawa ba.

Asabar, bakin Gagare

Rani ya tsotse gulbi, sai yashi da guraben ruwa nan da can. Na tarar da yara suna jan gidan sauro cikin wani gurbi. Da suka juye shi, 'ya'yan karfasa ne da ba su kai farcen babban yatsa ba suna tsalle a kan yashi, haɗe da tarwaɗa guda mai ciki fal da ƙwai. Wani dattijo yana ɗinkin homarsa ƙarƙashin giginya.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Yaushe rabonka da giwan ruwa a nan?"

Ya ce, "Ɗana, giwan ruwa ai sai labari. Yauni ma sai ka yi sa'a. Da uban gidana ya kama mai ƙwai a rani, maida ta yake yi."

Abin ya tsaya mini a rai. Guraben rani su ne ke riƙe iyayen da za su cika gulbi in damina ta sauka. In aka kwashe su aka bar biyu ko uku, kifi zai iya dawowa da yawa, amma duk 'yan ɗaki ɗaya, cuta guda ta ishe su. Manomin gero ya san wannan, ba ya ɗibar irin baɗi daga zangarniya ɗaya.

Lahadi

Na leƙa wurin wani abokina mai kiwon tarwaɗa a kwatami. Ya nuna mini waɗanda ya ware: masu karkataccen baya, da waɗanda suka ƙi girma duk abincin da suke ci. Dalilai na iya yin yawa, amma yadda ake ƙyanƙyasar ya isa abin dubawa. Allura ake yi wa macen a matse ƙwanta, namijin kuwa sai an yanka shi a ciro maniyyinsa, don haka maza kaɗan ake amfani da su. Daga 'ya'yan a zaɓi iyayen gaba, wa da ƙanwa. Maganin wannan shi ne sabon jini, kuma a gulbi yake, wurin tarwaɗar da yara suka kwashe jiya.

Litinin

Na so zuwa Zurmi in ga gulbin Bunsuru, 'yan'uwa suka hana ni saboda hanya. Gagare da Bunsuru suna haɗuwa su zuba a Rima, a can ƙasa kuma dam ɗin Goronyo, da aka kammala a 1984, ya tare hanyar da kifi ke haurowa da ambaliya. Kifinmu ya rage cuɗanya da na Sakkwato da Kabi ke nan.

Talata

Na koma wurin dattijon. Na ba shi labarin Matan Fada a Argungu, inda ake hana su har sai lokacin biki. Ya ce akwai gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa, in Sarkin Ruwa da hakimi suka sa baki, a hana gidan sauro da guba a cikinsa har ruwan farko, masunta za su bi. Mun yi da shi zai raka ni gidan Sarkin Ruwa jibi bayan la'asar, abokina mai kwatami ma ya ce zai zo.