Kunnen Baba da akwatin talabijin

Shekara 28 mahaifina ya yi yana gyaran manyan motoci a Arlit, garin da aka kafa a 1969 saboda ƙarfen yuraniyom. Ya bar aiki da sauran ƙarfinsa, amma kunnuwansa sun yi nauyi. Idan ya kunna Télé Sahel da dare har maƙwabta na jin labarai, ni kuwa ina ɗakin kusa ina fama da takardun ɗalibai.

Da tsohon akwatinmu ya mutu, na nufi kasuwa da niyyar sayen mafi girma. Baba ya ce mini: "Ɗana, idona lafiya lau yake. Kunne za ka saya wa." Wannan magana ita ta gyara mini ciniki.

Sai na roƙi mai kanti ya kashe kiɗa ya sa tashar da ake magana, domin kiɗa na ɓoye aibin sauti. Talabijin na yanzu sirara ne, lasifikansu ƙanana, galibi suna fuskantar ƙasa ko baya, shi ya sa muryar mai karanta labarai ke fitowa a dushe. Na duba ko akwai kafar sa abin sauraro na kunne, ko Bluetooth. Na duba yawan wutar da yake ci, na zaɓi mai inci 32, na haɗa da na'urar daidaita wuta. Lantarkinmu daga tashar gawayi ta Sonichar yake zuwa, kusa da Tchirozérine, tafiya mai nisa cikin hamada. A garin da zafi ke wuce digiri 40, ƙura kuma ba ta neman izini, wajibi ne a bar wa akwati sarari a bayansa, a lulluɓe shi da zane idan an kashe.

Abin sauraro mai rage hayaniya kuwa iri biyu ne. Akwai mai kaurin soso da ke rufe kunne ruf. Akwai kuma mai ƴar makirfo da ke sauraron ƙarar waje, ya fitar da kishiyarta don ta shafe ta. Na biyun ya fi tasiri kan gurnani mai ɗorewa, irin na injin wuta ko na mota a hanyar Tahoua, amma kukan yaro da bugun guduma suna ratsa shi. Kada ma'aikaci ya ɗauke shi a madadin kariyar kunne ta wurin aiki. Masana sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba wannan lokaci biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba kada ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako. Saboda haka amfanin na'urar shi ne ta ba ka damar rage murya.

Na saya wa Baba mai soso, na saya wa kaina mai makirfo. Gida ya yi tsit. Sai wani dare baƙo ya yi sallama har sau uku a ƙofa, babu wanda ya amsa, ya juya. Da safe da labari ya iso, kunya ta rufe mu.

Tun daga ranar Baba ya kafa doka: ɗayanmu kaɗai ke rufe kunne a lokaci guda, ɗayan yana tsaron sallama da kiran salla. Yau da dare nawa ne tsaron.