Ƙoda ba ta kuka da wuri

A unguwar Birni ta Damagaram akwai wani dattijo baduku da ya shekara goma sha biyu yana fama da ciwon sukari. Ya san ciwonsa, ko kuwa haka yake zato. Ya rage tsaki da dabino, ya bar kofi na ukun shayi a fada, kuma yana duba ƙafafunsa kowane dare don tsoron gyambo. Ƙoda kuwa ba ta taɓa faɗo masa a rai ba, tun da ba ta taɓa yi masa ciwo ba.

Nan ne tarkon yake. Sukari da hawan jini sukan cinye ƙananan jijiyoyin da ke tace jini a hankali, shekara da shekaru, ba zafi ba zogi. Awon fitsari da na jini sau ɗaya a shekara ya isa ya tona asirin ɓarnar tun ana iya rage mata gudu. Shi ko dattijon, in baya ya riƙe, sai ya aiki jika ya sayo diklofenak wajen masu tallar magani a Kasuwar Dole, alhali ƙwayar tana ƙara wa ƙoda nauyi.

Da ƙafafu suka kumbura, fitsari ya soma kumfa, aka kai shi babban asibitin ƙasa na Damagaram. Ya gode wa Allah da ba sai an je Yamai ba, tafiyar kilomita wajen 900. Amma na'urar wankin ƙoda awa huɗu take riƙe mutum, fiye da sau ɗaya a mako, fatun da ya jeme kuma suna rumfa suna jiransa.